Na tsinci ledar giya a aljihun ɗana mai shekara 16, mi zan yi kafin ubanshi ya dawo?

Assalamu alaikum. Wata baiwar Allah ce daga nan Maradi ta turo tambaya. Ta ce tana wankin kayan ɗanta na fari, yaro mai shekara 16 da ke shirin jarabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, sai ta tsinci ƴan ƙananan ledoji biyu a aljihun wandonshi, ɗaya an sha ɗaya ba a fasa ba, ta nuna ma wata maƙwabciya mai karatu ta ce mata ai giya ce. Ubanshi ɗan kasuwa ne shina hanya, kuma ta san halinshi, in ya ji to ko dai duka ko ya ce a kai yaron gidan mari. Ga ƙanne uku na biye. Tana tambaya mi za ta yi da wannan, kuma ta yaya za ta tsare sauran.

Hajiya sannu, Allah shi sanyaya maki. Ni ma'aikacin lafiya ne, na daɗe ina karɓar samari irin naki, wasu da ƙafarsu sunka zo wasu an ɗauko su ranga-ranga cikin dare, to abin da zan gaya maki daga can na samo shi. Yaro ba ya fara sha a gaban uwarshi. Shina farawa ne cikin awoyin nan da babu babba ko ɗaya a gidan da zai iya cewa ga inda yake, ga wanda yake tare da shi. Aikin iyaye kusan duka a nan yake, rage waɗannan awoyin, kuma a yi shi ta hanyar da yaron ba zai gudu daga gida ba. Abu biyu na ga sun fi ɓata lamarin a garin nan: shirun kunya, da duka. Dukansu biyun waje guda suke tura yaro, wajen waɗanda sunka fara ba shi.

Bari in fara da abin da kinka tsinta, don iyaye da yawa in an ce giya kwalba suke hange da mashaya mai kiɗa. Wannan ta leda ta fi waccan sharri ga yaro. Giyar kwalba ƙarfinta wajen kashi 5 cikin ɗari ne, ta ledar nan kuwa da yawa suna kaiwa wajen kashi 40, ga arha, kuɗin karin kumallon lakwal ya isa, ga ta tana shiga aljihu ko cikin safa, a tsotse ta cikin minti guda a yar da ledar a kwata. Wasu juye ta suke cikin gorar lemu ko ta abin shan nan mai sa kuzari su riƙe a hannu a gabanki ba ki sani ba. Saboda yara ne ma hukumar NAFDAC ta Nijeriya, mai kula da abinci da magunguna, ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200, anka yi ta jayayya da masu masana'antu a kai. Mu kuma kin san yadda kaya ke ratso iyaka su shigo mana, abin da ya yi yawa can ba ya daɗewa sai ya iso nan.

Dan mi muke tada hankali a kan shekaru? Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke gamawa a ƙarshe shi ne na gaban goshi, wanda ke cewa tsaya ka yi tunani, wanda ke auna mi zai biyo baya. Ɓangaren son daɗi da son burge abokai kuwa tun 13, 14 ya tashi da ƙarfinshi. Shi ya sa za ki ga yaro mai hankali, mai sallah, mai ladabi a gida, amma in ya shiga cikin sa'o'inshi sai ya aikata abin da shi kanshi in ya kwanta zai yi mamaki. Giya kuma wannan ɓangaren na goshi take fara kashewa. Wani babban bincike da anka yi a Amurka, anka fitar a 1997, ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15 haɗarin ya zama kamamme wanda ba ya iya bari ya ninka kusan sau 4 a kan wanda bai fara ba sai ya kai 20. Ma'ana duk shekarar da kinka ja yaro bai taɓa ba, riba ce babba. Kuma ma'anarta ta biyu, wadda nake so ki riƙe, yaron da anka gano da wuri irin naki shina da kyakkyawar damar dawowa, don mai shekara 16 da leda biyu a aljihu sau da yawa bai kai ga kamuwa ba, gwaji ne da biye ma abokai.

Abin da ya fi ba ni tsoro a Maradi ba giyar ita kaɗai ba ce, haɗin ne. Samarinmu ba kasafai suke tsayawa kan abu guda ba, ana haɗawa da tramol, ko sirop na tari mai kodin, ko ƙwayoyin barci. Giya na rage numfashi, tramol da kodin su ma haka, in sun gamu a jiki guda yaro na iya yin barcin da numfashin ke raguwa har shi tsaya. Tramol kuma shina kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle wanda ake saidawa a bakin hanya mai miligiram 200 ko 225, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Sai kuma ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashenmu, mutum na ɗauke da shi tun yarinta bai sani ba, in giya ta hau kan wannan hantar lalacewar na sauri. Ga babur. Wallahi yawancin yaran da na gani ba ciwon giya ya kawo su ba, karaya ce da fashewar kai.

Saboda haka kafin komi ki san wannan, ko da Allah shi kiyaye. In ya shigo a buge kar a yi mashi faɗa a lokacin, ba ya jin komi, asarar baki ce. Kar a kwantar da shi rigingine, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kai ya ɗan sunkuya, don in ya yi amai kar ya koma cikin huhu, wannan na kashe mutane. Kar a ɗura mashi nono ko man ja ko ruwan tsamiya in ba ya cikin hayyacinshi, kar a sheƙa mashi ruwan sanyi, kofi ma ba ya sauke maye, hanta ce kaɗai ke aikinta a hankali. Kar a kulle shi a ɗaki shi kaɗai a ce gobe ma yi magana. In ana tada shi ba ya tashi, ko numfashi ya yi nisa-nisa, ko leɓe ya canza launi, ko jiki ya yi sanyi, ko ya fara fizge-fizge, a ɗauke shi sai asibiti a daren, kuma a gaya ma likita gaskiyar abin da ake zato ya sha. Na sha ganin iyaye sun zo suna cewa iska ce ta buge shi ko zazzaɓi ne saboda kunyar mutane, mu kuma muna ɓata lokaci muna neman abin da ba shi ba. Ba mu kai rahoton kowa unguwa.

Yanzu maganar da za a yi da shi. Kin ce ɗan fari ne, kuma na san abin da wannan ke nufi a wajenmu, wata uwar ko sunanshi ba ta faɗi, balle ta zaunar da shi ta ce mi ke damunka. Ban raina wannan al'ada ba, da can tana tafiya daidai saboda ɗan fari na da kaka a gida, da gwaggo, da kawu, da baffa, su ke ja shi a jiki su ji cikinshi. Yau fa? An tashi daga babban gida an koma Zariya ko Ali Ɗan Sofo an yi gida mai get, kaka na ƙauye, kawu na Yamai, kunyar ta biyo mu amma mutanen da ke cike gurbinta ba su biyo mu ba. Sai yaro ya tashi babu babba ko ɗaya da yake iya buɗe ma ciki. To Hajiya ko dai ki ajiye kunyar nan na ɗan lokaci, ko ki nemo wanda yaron ke sakewa da shi cikin dangi, mai riƙe sirri, ba mai kai labari gidan biki ba. Ni dai shawarata ki yi da kanki, ko da kawun zai zo daga baya. Ke kinka gani, ke ya kamata shi fara ji daga bakinki.

Ki zaɓi lokacin da ƙannen ba su nan, ya ci abinci, shina cikin hankalinshi. Ki ajiye ledar a gabanshi ki ce na ga wannan cikin wandonka, ban gaya ma babanka ba tukuna, ina so in ji daga bakinka. Sai ki yi shiru. Shirun zai yi maki nauyi amma ki daure. Zai ce ta abokina ce ya ba ni ajiya, kusan dukansu haka suke cewa, kar ki tsaya gardamar ƙarya kake, ki ce to, shi abokin naka tun yaushe yake sha, kai sau nawa ka taɓa, mi kake ji in ka sha, akwai abin da ake haɗawa da shi? Tambayar mi kake ji ɗin nan tana da muhimmanci sosai, don amsar ita ke nuna mana inda ciwon yake. Wanda ya ce don kar a ce mani yaro ne a fada, wato majalisar samari ta unguwa, daban. Wanda ya ce in na sha nake samun barci, ko nake manta tunani, ko nake jin tsoron jarabawa ya tafi, wannan akwai damuwa a ƙasa, kuma in ba a taɓa damuwar ba ko an raba shi da giya zai nemo wani abu. Bayan kin saurara sai ki faɗi matsayinki a fili ba kwana-kwana: a gidan nan ba a sha, ban yarda ba, ba zan taɓa yarda ba, kuma ba zan yar da kai ba. Yara na buƙatar su ji duka biyun. Kar ki ce ka kashe ni, kar ki ce ka zubar mana da mutunci, kuma don girman Allah kar ki yi mashi baki.

Sai Alhaji. Ban ba ki shawarar ki ɓoye mashi ba, ɗanshi ne, kuma ranar da ya ji a waje abin zai fi muni, har ke ya shafa. Amma ba a waya ba, ba kuma daren da ya sauka da gajiyar hanya ba. Ki bari shi huta, in kin san zuciyarshi na da saurin tashi ki sa wani da yake jin nauyi ya zauna, yayanshi ko limamin da yake girmamawa. Alhaji in wannan ya iso gare ka, da kai nake: duka na koya ma yaro ɓoyewa ne, gobe ba za a sake tsintar leda a aljihu ba, amma ba don ya bari ba. Kora daga gida kuwa miƙa shi ne hannu biyu ga tasha. Gidan mari kuma ka tuna abin da anka gani a 2019, lokacin da ƴan sanda sunka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna sunka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala, bayan ƴan makonni anka sake samun irinshi a Daura. Iyayen nan duk da niyyar gyara sunka kai ɗiyansu. Addinin da muke kishi ma ba haka ya bi da lamarin ba. A mataki-mataki anka hana giya, ayar Baƙara ta 219, sannan ta Nisa'i 43, kafin hani na ƙarshe a Ma'ida 90. Kuma ya tabbata cikin Bukhari cewa an kawo wani sahabi da ya sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin na son Allah da Manzonsa. Haramcin na nan daram, amma ba a fidda mai laifin daga cikin jama'a ba.

To tsare sauran fa, da shi kanshi nan gaba? Akwai ƙasar da ta gwada abin nan a aikace, Aisland, can arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na yaransu masu shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya wuce. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Ba wa'azin illar giya sunka ƙara ba, sun ga yara na ji su wuce. Abin da sunka yi shi ne an sa lokacin da yaro ba zai kasance a waje ba da dare, iyayen unguwa sun yi alkawari tsakaninsu a kan dokoki iri ɗaya, an matsa ma iyaye su ƙara yawan lokacin da suke zama da ɗiyansu su kuma san abokansu da iyayen abokan, sannan an zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan lakwal. In kin duba da kyau, ban da kuɗin, babu abin da kakanninmu ba su yi. Mu munka saki.

A gidanki ga yadda zai kasance. Lokacin shigowa ya zama sananne, misali bayan isha'i da kaɗan a ranakun lakwal, kuma wani babba ya kasance a farke ya gan shi ido da ido, ya gaisa da shi kusa yadda zai ji warin bakinshi ba tare da ya ce buɗa baki in shinshina ba. Yaron da ya san uwa na zaune tana jira ba daidai yake da wanda ke da makullin ƙofar zaure ba. Ɗakin samari na waje mai ƙofa ta titi, wanda ba mai leƙawa, a riƙa leƙawa. Fada kuma ban ce a hana shi ba, don ba kowace fada ce ta banza ba, wasu shayi ne da ƙwallo da gardamar Barsa da Madrid, wasu ma su ke share unguwa. Ki san wace fada ce, a ƙofar gidan wa take, wa ye babba a cikinta. In akwai mai shekara 25 da ba ya aikin komi amma kullum shi ke sayen shayi da sukari ma ƴan 15, a binciki wannan. Mafi sauƙi ma ki jawo su, ki ce su riƙa dafa shayin a ƙofar gidanku, ki aika masu da ɗan abin taɓawa. Za ki san su ɗaya bayan ɗaya, kuma mai mugun nufi da kanshi zai daina zuwa.

Kuɗi: Alhazan garin nan da yawa suna biyan rashin zamansu da kuɗi, a miƙa ma yaro jikka biyar ba a tambayi inda ta tafi ba, a saya mashi babur tun bai gama CEG, ƙaramar sakandare, ba. A ba shi daidai buƙata, a riƙa tambaya. In Alhaji na hanya shi kira yaron a wayarshi shi kanshi, ba ta bakinki ba, ko minti biyar ne, ya karatu, wa kunka yi wasa da su yau. In shina gari shi ja shi kasuwa ranar da babu lakwal, shi ba shi wani abu da zai riƙe a ce nashi ne. A kula da lokutan da abin ya fi faruwa: dogon hutu, daren da sakamakon jarabawa ya fito, ko an ci ko an faɗi, shagalin sallah, daren 31 ga Disamba, da bukukuwan zagayowar haihuwa da ake kama wuri a yi. Kuma ki ba shi hanyar fita, ki ce duk inda ka samu kanka, ko ƙarfe nawa ne, in abin ya ɓaci kira ni a zo a ɗauke ka, faɗa sai gobe. Ki koya mashi abin da zai ce in an miƙo, ko da cewa ne tsohuwata na jirana a ƙofa tana shinshina ni. Yara na son a ba su uzurin da ba zai sa a yi masu dariya ba.

Ƙannen kar ki jira su kai 16. Daga shekara 9, 10 a fara, gajere-gajere, in an wuce wani a kwance bakin kwata ko an gani a fim, ki tambaye su mi sunka sani, za ki yi mamakin abin da sunka riga sunka ji. Ɗiya mata ma haka, kar a ce su ba ruwansu, ana zuba masu cikin lemu a wajen shagali, ki gaya masu kar su sha abin da ba a gabansu anka buɗe ba. Kar kuma a maida yayansu abin misali a gabansu. Sannan manya su dubi kansu, gidan da uba ke haɗiyar tramol don ƙarfin aiki, ko uwa ke shan sirop don ta samu barci, yaro ya riga ya koyi cewa gajiya da damuwa abin sha ake nema masu.

Mai saidawa kuma doka ta hana a saida ma wanda bai kai 18 ba. In kun gano wurin kar Alhaji ya tafi shi kaɗai da faɗa, kar kuma a tara samari. Garin nan an taɓa ƙona mashayu a Nuwamba 2000 lokacin tarzomar adawa da FIMA, bikin nunin kayan sawa na Afirka, ga shi yau abin ya dawo cikin leda ya shiga aljihun ɗan lakwal. A haɗu iyaye uku huɗu, don ba ɗanki kaɗai yake saida mawa ba, a je wajen mai unguwa, daga nan a kai ma ƴan sanda, suna da sashen da ke kula da lamarin yara.

In kin ga shina sha kusan kullum, ko hannunshi na rawa da safe, ko gumi da rashin barci in bai samu ba, ko ya ce ya gwada bari ya kasa, ko ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa, to an wuce maganar gida. Wanda jikinshi ya saba ba a yanke mashi lokaci guda a ɗaki, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya shiga ruɗewa da farfaɗiya, a asibiti ake sauke shi da magani. Ku fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, su tura ku babban asibiti wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba ya nufin ɗanki ya haukace. Ko ma bai kai haka ba, ki kai shi a auna jininshi a duba ciwon hanta nau'in B, in ba ya da shi kuma ba a taɓa yi mashi rigakafi ba a yi mashi, ƙannen ma a duba katinsu. Wannan zuwan kan ba mu dama mu zauna da yaro mu kaɗai, kuma sau da yawa abin da ya kasa gaya maki a tsakar gida shina gaya mana in an rufe ƙofa. Allah shi shirya mana su baki ɗaya.